Ba a Musu da Mai Bindiga a Kafaɗa

Daren Juma'a wani abokin karatuna ya turo bidiyo a zaurenmu na WhatsApp, na tsofaffin 'yan ajinmu. Bidiyon tsoho ne, tun na shekarar 2018, amma irinsu ba sa mutuwa, lokaci-lokaci sai wani ya tono ya sake watsawa. Wasu Amurkawa ne maza da mata, rataye da dogayen bindigogi, suna tattaki a harabar Jami'ar Kent State da ke jihar Ohio. 'Yan sanda sun kewaye su ta ko'ina suna ba su kariya. A ƙasan bidiyon mutumin nawa ya rubuta: "Kun ga inda ake 'yanci. Mu nan ko wuƙar yankan albasa aka tsinta a jakarka sai ka kwana a caji ofis."

Kafin asuba ya samu masu jinjina masa da yawa. Ni kam abin ya tsaya mini a wuya.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu. Ko da mun yarda ɗan ƙasa yana da haƙƙin ajiye bindiga, rataya ta a fili a shiga da ita jami'a da sunan zanga-zanga kuskure ne. Jami'a wurin musu ce. An gina ta ne domin yaro ɗan shekara 19 ya iya ɗaga hannu ya ce wa farfesa bai yarda ba. Shi kuwa mai bindiga a kafaɗa ba a musu da shi, sai dai a ce masa "haka ne, ranka ya daɗe", a ba shi hanya ya wuce.

Ga yadda abin ya faro, a taƙaice. A watan Mayun 2018 wata ɗaliba mai suna Kaitlin Bennett ta kammala karatu a Kent State. Sai ta ɗauki hoto a harabar da farar riga, doguwar bindiga ƙirar AR-10 a bayanta, a hannunta kuma hular yaye ɗalibai da aka rubuta wa kalmomin da ke nufin "in ka isa, zo ka ƙwace". Ta jira sai da ta gama ne saboda jami'ar ta hana ɗalibanta da ma'aikatanta ɗaukar makami, alhali baƙon da ya shigo daga waje yana iya rataya tasa a fili muddin bai shiga cikin gini ba. Wato jiya tana ɗaliba haramun ne, yau ta karɓi takarda ya halatta.

Ranar 29 ga Satumba ta dawo da magoya bayanta suka yi tattakin da ke cikin bidiyon nan, suna neman a bar ɗalibai su riƙe bindiga. Masu adawa suka tare musu hanya, 'yan sanda suka shiga tsakani, aka kama mutum huɗu. Ba a harbi kowa ba.

"Ai doka ta yarda"

Wannan ce amsar farko da abokina ya ba ni, kuma gaskiya ya faɗa. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1791, ya kare haƙƙin riƙe makami. A 2008 kotun ƙolin ƙasar, a shari'ar Heller, ta ce haƙƙin na kowane mutum ne, ba sai yana cikin wata runduna ba.

Amma a cikin wannan hukuncin, Mai shari'a Antonin Scalia, wanda ba a taɓa zarginsa da ƙin bindiga ba, ya rubuta cewa kada a ɗauka hukuncin ya taɓa dokokin da suka hana shiga da makami wurare irin su makarantu da gine-ginen gwamnati. In aka koma baya sosai ma, a 1824 hukumar gudanarwar Jami'ar Virginia ta zauna ta hana ɗalibai ajiye makami a harabarta. Cikin waɗanda suka yi zaman akwai tsofaffin shugabannin Amurka Thomas Jefferson da James Madison, shi Madison ɗin kuwa shi ne ya tsara gyaran nan na biyu. Mutumin da ya rubuta haƙƙin da hannunsa bai ga ya kai har ɗakin kwanan ɗalibai ba.

To a ajiye doka ma. Babu dokar da ta hana ka zuwa gidan makoki da kalangu, amma ba za ka je ba. Wuƙar mahauci halaliyarsa ce, a kwata ba mai kallonsa sau biyu. Ya soke ta a ƙugu ya shiga taron iyayen yara a makarantar firamare, ya zauna a layin gaba yana sauraron hedimasta, ka ga ko taron zai tafi yadda aka saba. Mun taso muna jin hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe su ta tsininsu, kada ya ji wa wani rauni. Ba a hana shi kibiyarsa ba. An dai nuna masa cewa in ya shiga cikin jama'a, nauyin kiyaye su a wuyansa yake.

"Ai mutanen kirki ne"

Na yarda mafi yawansu ba su fito da nufin cutar da kowa ba. Matsalar ita ce niyya ba a rataye take a kafaɗa ba, bindigar ce a rataye. Shi mai ita ya san abin da ke ransa. Yarinyar da ta fito daga laburare ta hango shi daga nesa ba ta sani ba, kuma tana zaune ne a ƙasar da tun tana firamare ake koya mata yadda za ta ɓuya a kusurwar aji in ɗan bindiga ya shigo.

Ranar 31 ga Oktoban 2015, a garin Colorado Springs, wata mata ta hango maƙwabcinta a titi da doguwar bindiga. Ta buga wa 'yan sanda waya. Mai amsa wayar ta shiga yi mata bayanin cewa doka ta yarda mutum ya ɗauki bindiga a fili. Ba a jima ba mutumin ya harbe mutum uku. Ban ga laifin mai amsa wayar sosai ba, abin da doka ta ce ta faɗa. Duk inda ganin mutum da bindiga a titi ya zama ruwan dare, an kashe alamar farko da ake gane hatsari da ita.

A Dallas kuma, ranar 7 ga Yulin 2016, wani ya buɗe wa 'yan sanda wuta ana tsakiyar zanga-zanga, ya kashe biyar. Cikin masu zanga-zangar akwai mutum ashirin zuwa talatin rataye da bindigogi bisa doka. Da harbi ya tashi suka watse a guje kamar kowa, 'yan sanda suka rasa wane ne maharin wane ne mai gudun ceton rai. Har hoton wani da bai ji ba bai gani ba suka watsa a matsayin wanda ake nema. Waɗannan ƙwararru ke nan. Ina ga ɗalibar ajin farko?

Hujjarsu mafi nauyi

Ita Bennett ba da ka ta zaɓi Kent State ba, kuma nan ne maganar take da zafi. Ranar 4 ga Mayun 1970 dakarun tsaron jihar Ohio suka buɗe wuta kan ɗaliban jami'ar da ke zanga-zangar adawa da faɗaɗa yaƙin Biyetnam zuwa Kambodiya. Harsashi 67 cikin daƙiƙa 13. Ɗalibai huɗu suka mutu, tara suka jikkata. Ta ce tunda a wannan harabar gwamnati ta harbe ɗalibai huɗu da ba su da makami, ai ya kamata ɗalibi ya samu damar riƙe bindiga.

Wannan magana tana shiga kunnen ɗan Arewa da sauri, domin mu ma mun san ranar da aka harbi ɗalibai a Zariya, a 1978 da kuma 1986. Na daɗe ina juya ta. Amma duk ta inda na juya, ba ta tsayuwa.

A ɗauka ɗaliban nan suna da bindigogi a ranar. Me zai faru? Sojojin da suka yi harbin sun kare kansu da cewa sun ji tsoron rayukansu, har aka yi ta yaɗa cewa wani ne ya fara harbinsu daga ɓoye. Abin da ya rusa wannan uzuri shi ne gawarwakin ba su da makami. Mafi kusa da sojojin cikin waɗanda suka mutu, Jeffrey Miller, yana nesa da su da kusan mita 80. Biyu daga cikinsu, Sandra Scheuer da William Schroeder, ba ma zanga-zangar suke ba, hanyar aji suke. Shi ya sa kwamitin da Shugaba Nixon ya kafa ya ce harbin ba shi da dalili, ba shi da uzuri. Shi ya sa ɗalibai a ɗaruruwan makarantu suka ƙaurace wa karatu a faɗin ƙasar. Da an tsinci bindiga ko ɗaya a hannun ɗalibi, da mutum huɗu ba su ishi sojojin ba, kuma da tarihi ya rubuta cewa artabu aka yi. Hannunsu da babu komai shi ne abin da ya kunyata gwamnati.

Sannan akwai maganar ladabi. Wuraren da huɗun nan suka faɗi, a wani filin ajiye motoci, an killace su, har yau ba a faka mota a kansu. Akwai tsofaffi a garin da suka ji ƙarar harbin da kunnensu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ka ɗauko dogayen bindigogi ka zo wannan haraba ka ce domin mamatan ka zo, wannan fami ne, ko da kai kana ganin ta'aziyya ka kawo.

"In mahari ya shigo, wa zai cece su?"

Nan ba zan yi wa masu wannan ra'ayi rashin adalci ba. A jami'ar Virginia Tech, ranar 16 ga Afrilun 2007, ɗalibi ɗaya ya kashe mutum 32. A wata makarantar firamare a garin Uvalde na jihar Texas, a Mayun 2022, jami'an tsaro 376 suka taru, aka shafe minti 77 kafin su shiga ajin da maharin yake, yara 19 da malamai biyu suka mutu. A Yulin shekarar kuma, a wani rukunin shaguna a jihar Indiana, wani saurayi ɗan shekara 22 da ke ɗauke da ƙaramar bindiga ya harbe mahari cikin daƙiƙoƙi, ya ceci rayuka. Wanda ya ce ba zai jira 'yan sanda ba yana da abin da zai nuna.

Sai dai wannan muhawara ce ta daban. Saurayin na Indiana ba fareti yake yi ba, sayayya ya je. Mai son kare kansa da gaske ba ya shelanta makaminsa, domin shi mahari zai fara nema. Bayan kisan Virginia Tech ɗaliban da ke neman a ba su damar riƙe bindiga sun ƙirƙiro wata zanga-zanga: su ɗaura kuben bindiga a ƙugu babu komai a ciki, su shiga aji da shi. Ban goyi bayan buƙatarsu ba, amma hanyar ta burge ni. Saƙo ya isa, ba wanda gabansa ya faɗi, kuma kana iya zama kusa da mai kuben ka yi masa gardama har a tashi. Tunda akwai wannan hanyar, mene ne amfanin ɗauko AR-10, in ba so ake a ga ido ya raina fata ba?

Ko ƙungiyar NRA, uwar masu kare bindiga a Amurka, a 2014 ta taɓa fitar da rubutu tana cewa abin da wasu ke yi a Texas na shiga gidajen abinci da dogayen bindigogi baƙon abu ne mai tsorata mutane. Da 'ya'yanta suka yi mata ca, ta janye maganar. Amma ta riga ta fito.

Akwai kuma lissafin da ba a so a yi. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. Jami'a cike take da matasa masu fama da faɗuwa jarrabawa, da bashin kuɗin makaranta, da soyayyar da ta watse, ga giya a ƙarshen mako. Ɓacin ran da zai wuce kafin gari ya waye, in akwai bindiga a ƙarƙashin katifa ba ya jiran safiya.

Abin da ke faruwa a cikin aji

Na koyar na wasu shekaru, don haka nan ne abin ya fi taɓa ni. Duk malami ya san ranar da ake manna sakamako. Ya san ɗalibin da zai shigo ofis idonsa jajur, ya rufo ƙofa, ya ce "Malam, ka gama da ni." Na taɓa zama da irin wannan fiye da awa ɗaya, muna bin takardarsa tambaya bayan tambaya, har ya huce ya ga inda ya ɓata. Da na san akwai ƙarfe a ƙugunsa, wallahi ban san ko zan iya tsayawa kan makin da na ba shi ba. Ƙila in ƙara masa biyar ya tafi. Ba zai taɓa zare ta ba, amma ta riga ta yi aikinta.

Texas ta yi dokar da ta ba masu lasisi damar shiga jami'o'in gwamnati da ƙaramar bindiga. Ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2016, daidai shekara 50 da ranar da Charles Whitman ya hau hasumiyar Jami'ar Texas da ke Austin ya yi ta harbin mutane. Steven Weinberg, farfesan da ya ci kyautar Nobel a fannin kimiyyar fiziks, ya ce shi dai ba za a shigo masa aji da bindiga ba. Wasu farfesoshi mata uku suka kai ƙara, suna cewa dokar za ta sa a riƙa tauna magana a darussan da suka shafi zubar da ciki da launin fata da makamantansu. Kotu ta kori ƙarar, domin ba su iya nuna cutarwar a fili ba.

Ta yaya za su nuna? Tambayar da ɗalibi ya haɗiye ba ta barin shaida. Darasin da malama ta tsallake ba ya shiga rajista.

Abu biyu dai a lura da su. Dokar ta ba jami'o'i masu zaman kansu zaɓi, kusan dukkansu suka ce a'a, har da Rice da Baylor. Sannan ita kanta Texas ɗin, da duk son bindigarta, cewa ta yi a ɓoye ta. Rataya ta a fili a harabar jami'a laifi ne a can.

Wa ya rataya?

Wannan shi ne abin da na fi so abokina ya ji. Ranar 2 ga Mayun 1967, 'yan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panthers kusan talatin suka shiga majalisar dokokin Kalifoniya da bindigogi a fili. Doka ta yarda a lokacin. Cikin wata uku aka canza ta. Gwamnan da ya sa hannu shi ne Ronald Reagan, gwarzon masu ra'ayin riƙau, yana cewa bai ga dalilin da zai sa ɗan ƙasa ya yi yawo a titi da bindiga mai harsashi ba.

A jihar Ohio ɗin nan da aka yi wa Bennett rakiya, a Agustan 2014 'yan sanda suka harbe John Crawford, baƙar fata ɗan shekara 22, a cikin kantin Walmart. Bindigar iska ce a hannunsa, wadda ya ɗauka a kan kantar shagon, yana waya. A Nuwamban shekarar, a Cleveland, tafiyar kamar awa ɗaya daga Kent, aka harbe Tamir Rice yana wasa da bindigar roba. Shekararsa 12.

Don haka na tambayi mutumina: "Alhaji, a ce ɗanka ne yake karatu a can. Baƙi, mai gemu, sunansa Abubakar, ya sa kaftani ya rataya irin wannan bindigar ya nufi laburare. Rakiya za a yi masa?" Haƙƙin da wani zai yi hoto da shi, wani kuma ya mutu a kansa, ban san sunan da zan kira shi ba, amma kalmar da ya rubuta a ƙasan bidiyon ba ta dace da shi ba.

Mu fa?

Na san abin da ke cin abokina, kuma ba Ohio ba ce. Ƙauyensu ne. Ya ga an kwashe ɗalibai a Jami'ar Greenfield da ke Kaduna a Afrilun 2021, aka kashe biyar. Ya ga an kwashe 'yan mata ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Satumban 2023. Ya ji Gwamna Bello Matawalle a Yunin 2022 yana cewa mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, ya kuma ji Janar Lucky Irabor, babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin, yana cewa gwamna ba shi da wannan hurumin. In mutum ya ga haka, duk wanda ya gani da bindiga ba mai hana shi sai ya ba shi sha'awa.

Ko manomin da ɓarayin daji suka hana noma ya cancanci riƙe makami, tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan yanke ta a nan da layi biyu ba. Amma shi wannan manomin ba hoto yake nema ba. Masu tattakin Kent ba wanda ya kore su daga gona, ba wanda ya sa musu haraji, ga 'yan sanda ɗaruruwa sun fito tsaron lafiyarsu. Haɗa su da mutumin Zurmi ko Batsari rainin wahalarsa ne.

Ɗiyar abokin nawa ta fari tana ajin ƙarshe a sakandare, kuma kullum maganarsa ita ce likita za ta zama. Na tura masa saƙo shi kaɗai, ba a zauren ba. Na ce ga azuzuwa biyu, malami ɗaya, darasi ɗaya. A na farko kowa biro da littafi ne a gabansa. A na biyu akwai samari uku a layin baya, kowa ya jingine doguwar bindiga a jikin kujera, dukkansu masu lasisi, dukkansu 'ya'yan mutunci. Wanne za ka biya mata kuɗin rajista?

Alamar ta nuna ya karanta tun ranar Asabar. Jiya ya turo wani bidiyon a zaure, na wasan dambe.